Mabuɗin Da Ba Mu Raba Ba

Ban taɓa shan wahalar abu kamar yadda na sha wahalar canja layi uku na rubutu a cikin kwamfutata ba. Layi uku kawai. Na yi dako a kasuwar Farin Gada ta Jos ina saurayi, na ɗauki buhunan dankali har wuyana ya ƙi juyawa, amma wannan gajiya ce da barci ke maganinta. Waccan kuwa fiye da shekara na yi tana zaune mini a ƙirji. Kuma kwamfutar tawa ce. Ba aro na yi ba, ba sata na yi ba.

Ni mai hoto ne. Karatuna aji huɗu ne na firamare, daga nan mahaifina ya ce ya isa haka. Ina iya haɗa baƙaƙe in karanta, a hankali, da yatsa a kan layi. Turancina na kasuwa ne, wanda za ka ce wa mutum ya ɗaga haɓa, ya daina ƙifta ido.

Shekara goma sha shida muna shago ɗaya da wani Ibo a bakin hanyar Farin Gada. Oga nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam, alhali shi ba ogana ba ne, ni ma ban taɓa koya wa kowa ko alif ba. A Jos aka haife shi kamar ni. Ubansa da ubana duk haƙar kuza ce ta kawo su garin. Hausarsa ta Jos ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, amma in ana zagi ya fi ni nisa. Ni ke riƙe kyamara, ni ke lallashin amarya ta yi murmushi, ni ke gyara wa direba hula. Shi kuma yana ɗakin duhu yana wanke fim. Da fim ya mutu, muka haɗa hannu muka sayi kwamfuta, sai ya tashi daga ɗakin duhu ya koma gabanta. Aikin bai canja ba: ni in ɗauka, shi ya fitar.

Ya yi ƙoƙarin koya mini, ba zan yi masa ƙarya ba. Na koyi saka katin kyamara, na koyi zaɓar hoto in tura wa firinta. Wata rana ya tafi coci, na ga wata folda da ban gane ba, na ce bari in rage mata kaya, na share. Ashe hotunan bikin sunan ɗan wani mai tumatir ne, gaba ɗaya, ba a buga ko ɗaya ba. Sai da muka je gidan mutumin mu biyu muka ba da haƙuri. Da muka dawo Oga bai yi mini faɗa ba. Zama ya yi ya yi wa kwamfutar ƙofa biyu. Tasa babba, mai mabuɗi, wato wasu haruffa da yake bugawa su fito kamar ɗige-ɗige. Tawa ƙarama, ba mabuɗi, ka danna ka shiga. Ta ƙofata zan iya ɗora hoto, in gyara haske, in buga. Amma kayan cikin furogiram ɗin da muke aiki da shi, ba zan iya taɓa ko ɗaya ba.

"Malam," in ji shi, "wannan ba raini ba ne. Hannunka ne yana da ƙaiƙayi."

Na yi dariya. Gaskiya ya faɗa, kuma hankalina ma ya fi kwanciya a haka.

Furogiram ɗin yana da wata ɗabi'a da Oga ya saka masa. Duk hoton da ya wuce girman fasfo, sai ya fito da wani zirin rubutu a ƙasa, fari, kamar faɗin yatsa. Layin farko sunan shagon, wanda muka haɗa daga farkon sunansa da farkon nawa. Na biyu kwatancen wurin a Farin Gada. Na uku lambar wayarsa, don lokacin ni ban da waya. Da wannan zirin kwastomomi ke samunmu. Hoto ya tafi Bauchi, a gan shi a bango, a kira.

Sai gari ya lalace. Ba zan tsaya ba da wannan labari ba. Duk ɗan Jos ya san shi, wanda bai sani ba ya gode wa Allah. Shagonmu ba a taɓa shi ba, amma bayan abin ya lafa kowa ya fara jan jiki zuwa inda nasa suka fi yawa. Mutanensa suka daina zuwa, nawa ma suka ragu. Wata safiya ya ce mini ya samu wuri a unguwar Daɗin Kowa, matarsa Madam ta ce ba za ta ƙara zaman jiran ko zai dawo gida ko ba zai dawo ba.

Muka raba kaya yadda ake yi. Muka kira tsohon telan da ke maƙwabtaka da mu ya zama shaida, muka fito da komai tsakar shago. Ya ɗauki babbar firinta da janareto da labulen da ke da zanen teku. Na ɗauki kyamara da kwamfuta da ƙaramar firinta da labule shuɗi. Kujeru huɗu, biyu-biyu. Har tsintsiya sai da telan ya tambaya ta wa ce. Mu uku, manya da hankalinmu, babu wanda ya tuna akwai wani abu da ba a iya ajiyewa a tsakar shago. Abin da ido ya gani muka raba. Mabuɗin ya tafi Daɗin Kowa a cikin kan Oga.

Kuma ko da na tuna, ban san ko zan iya tambaya ba, saboda abin da na faɗa a ranar. Raina a ɓace yake. Yana ɗaure labulensa yana cewa in yi haƙuri, ba don ni ba ne, sai na ce masa, "Je ka abinka. Dama ku baƙi ne." Telan ya ce subhanallahi. Oga ya gama ɗaurinsa, ya ɗora a mota, ya tafi.

Na kama ƙaramin shago a unguwar Dilimi, tsakanin mai facin taya da mai gyaran rediyo, da ɗaki a bayansa inda nake kwana. Matata ta rasu tun kafin wannan duka, 'ya'yana mata biyu suna gidajen aurensu, ɗaya a Lafiya ɗaya a Bauchi. Saboda haka ni kaɗai ne, daga ni sai kwamfuta. In buɗe da safe, in share, in zauna. A tsohon shago ko babu kwastoma akwai gardama, a kan ƙwallo, a kan siyasa, a kan wa ya shanye shayin wa. A nan in na yi magana sai dai fankar cikin kwamfuta ta amsa.

Hoton farko da na buga a sabon wuri, na wani direba ne tsaye a jikin motarsa. Ya fito da kyau. A ƙasa kuma ga zirin nan: sunanmu, Farin Gada, lambar Oga. Shagon da ake kwatantawa kuwa ya riga ya zama ma'ajiyar kwandunan tumatir.

Na san inda rubutun yake, don na sha ganin Oga yana buɗe shi. Wani ɗan fayil ne a cikin foldar furogiram ɗin. Na bi a hankali na same shi, na buɗe, ga layukan uku. Na goge su, na ɗauki kusan awa ina neman haruffa ɗaya bayan ɗaya na rubuta nawa. Da na ce ta ajiye, sai wani akwati ya fito a tsakiyar allo. Na sa yatsa na karanta. Cewa yake ba ni da izinin canja wannan fayil, in nemi izini wurin mai shi. A ƙasa ga sunan Oga, ga ɗan gurbi fari yana jiran mabuɗi.

Na gwada sunan matarsa. Na gwada sunan ɗansa na fari, da sunan ƙungiyar ƙwallon da yake mutuwar so, da lambar tsohuwar motarsa. Kowane sai akwatin ya ɗan girgiza ya dawo yadda yake. Na yi ƙoƙarin share fayil ɗin gaba ɗaya, ta ƙi. Na yi ƙoƙarin canja masa suna, ta ƙi. Na kwafe shi zuwa wani wuri, a can ya yarda na gyara, amma da na zo mayar da shi gurbinsa, ga akwatin nan kuma. Ranar har zaginta na yi da babbar murya, mai facin taya ya leƙo ya ce da wa nake faɗa.

Na bar shi haka na 'yan watanni. Sai mutane suka fara zuwa suna cewa sun ga lamba a jikin hoto sun kira, wani mutum ya kwatanta musu nan. Wata mata ta ce mini, "Ya ce in na zo Dilimi in tambayi mai hoton nan mai ɗaure fuska." Na ji kunya har cikin ƙashina. Mutumin da na kira baƙo, shi ke turo mini abinci. Maimakon in ɗauki waya, almakashi na ɗauka. Daga ranar duk hoton da ya fito sai in yanke zirin kafin in miƙa. Kullum, kowane hoto. Ƙarƙashin teburina ya cika da siraran takardu masu ɗauke da lambar Oga, ina share su da yamma in zuba a kwata.

Yankan almakashi ba ya miƙewa, musamman a hannun mai shekara hamsin da 'yan kai. Kuma hoton da aka yanke ba ya cika firem, sai ka ga rata a ƙasa. Mutane suna gunaguni suna karɓa. Wanda bai karɓa ba shi ne shugaban wata makarantar Islamiyya da ke bayan layinmu. Suna shirin bikin sauka, yana son hoton kowane ɗalibi da na kowane aji, aikin da zai riƙe ni har bayan damina. Na kai masa samfur. Ya juya shi, ya sa a firem, ya cire.

"Malam, wannan ɓera ne ya ci gefensa?"

Na yi masa bayani, na nuna masa wanda ban yanke ba.

"To wannan kuma iyaye za su tafi Farin Gada neman ka. Ka gyara. Hoto cikakke, da sunanka da inda kake. In ba zai yiwu ba ka faɗa mini da wuri in nemi wani."

Ya ba ni mako biyu. Kuma na san in ya nemi wani, duk unguwar za ta bi shi, don a nan 'ya'yan kowa suke.

Na ɗauki kwamfutar na kai wa wata mata mai shagon buga takardu a kusa da kasuwar Taminus, wadda aka ce ta san cikin kwamfuta fiye da maza. Ta jona ta, ta duba, ta danna nan ta danna can. Akwatin ya fito mata kamar yadda yake fito mini, abin da ya ɗan sanyaya mini rai.

"Baba, kwamfutar taka ce?"

"Tawa ce."

"To ita ba ta sani ba. A wurinta kai ɗan haya ne. Ka ga wannan sunan? Shi ne mai gida. Kowane fayil a nan yana da mai shi, kuma na furogiram ɗin nan duk shi ya rubuta wa kansa. Ɗan haya zai iya share ɗaki, amma ba zai fasa bango ba."

Na ce to yaya za a yi.

Ta ce za ta iya wanke ta tas, ta zama sabuwa, ni ne mai gida. Amma komai zai tafi, har furogiram ɗin, sai in ina da faifansa. Ba ni da shi. Oga ne ya sa wani ya ɗora mana a kudu, ban taɓa ganin faifai ba. Kuma shi kaɗai na iya, shi ma da haddar inda ake dannawa. A ba ni wani sabo, daidai yake da a ce in koma aji ɗaya. Ta ce akwai masu fasa ƙofa da wata dabara, amma ita ba ta yi, don in abu ya lalace ita zan riƙe.

Sai ta dube ni. "Mai mabuɗin ya rasu ne?"

"Yana nan."

"Ya bar gari?"

"Yana Daɗin Kowa."

"To Baba, me ka zo yi wurina?"

Na naɗe wayoyina na fito.

Kwana huɗu na ƙara ina zagaye. Ban buƙaci neman lambar ba, na yanke ta da almakashi sau ba adadi, ko barci nake zan iya karanta ta. Ranar Alhamis bayan azahar na rufe ƙofar shago rabi, na kira.

"Halo? Wa ke magana?"

"Ni ne."

Ina jin ƙarar rediyo a bayansa.

"Malam. Ashe kana da rai."

"Ina son mabuɗin kwamfuta."

Ya fashe da dariya, irin wadda ke ƙarewa da tari. "Ko gaisuwa babu? Shekara guda da wani abu, mabuɗi ne ina wuni?"

"Ina wuni. Ya Madam. Ina son mabuɗin."

"Ba ya kaina."

"Kamar yaya ba ya kanka?"

"Yana hannuna. Ban san shi da baki ba, wallahi. Sai na ga kibod a gabana yatsuna su tuna. Kawo shi nan."

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Mai yiwuwa ne, don na ga masu buga takardu suna aiki ba sa kallon hannunsu. Mai yiwuwa kuma so yake in taka da ƙafata. Ban tambaya ba.

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi, irin na Agusta da ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Na sa akwatin kwamfutar a babbar leda, na naɗe da bargona, na ɗaure da igiya. Na tare ɗan acaɓa a bakin layi, na rungume kayan a cinya. Mun yi nisa kaɗan sai ya tsaya a gefen titi.

"Baba, nan ne iyakata. Ka tsallaka ka hau na can."

Haka garin ya koma a lokacin. Na sauka. Kafin in tsallaka na cire hulata na cusa a aljihu. Ba wanda ya ce in cire. Ni na cire, a garin da aka binne cibiyata. Ɗan acaɓa na biyun ya kalli bargon ya kalle ni, ya ce mene ne a ciki. Na ce kwamfuta. A shingen sojoji ma sai da na kwance igiyar a cikin yayyafi, wani ya leƙa ta ramin fanka kamar zai ga wani abu, sannan ya ce in wuce.

Oga yana tsaye a bakin get da lema. Ya rame, gashin kansa ya yi fari fiye da yadda na bar shi. Bai miƙo hannu ba, don hannuwana a cike suke. Kaina ya kalla.

"Ina hularka?"

"Tana aljihu."

"Sa abinka. Kanka ba kyau."

Na ajiye kayan na sa.

Falon cike yake da kwalaye, an ɗaure wasu an rubuta a jiki. Madam ta fito ta gaishe ni da ɗan rusunawa kamar da, ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Ta ce abinci ya kusa. Na ji ƙanshin kifi. Tun muna Farin Gada, in za ta aiko mana da abinci kifi take sawa, don kar in tsaya tunanin wa ya yanka.

Muka ɗora kwamfutar a teburin cin abinci, ya jona mata nasa allon da kibod. Babu wuta, sai da ya fita ya ja janareto, wanda na gane muryarsa tun jan farko. Ta kunnu. Ƙofofin nan biyu suka fito gefe da gefe, sunansa da nawa. Ya danna tasa, ya ɗora yatsu, ya rufe ido. Ya buga. Ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Ka daina kallona," in ji shi. "Kana ruɗa mini hannu."

Na juya ina kallon kwalaye. Na ji ƙarar maɓallai, sai wani ɗan kiɗa. Ta buɗe.

"Zo ka gani. Ba zan sake yi ba, ka buɗe ido."

Ya je kan foldar furogiram ɗin, ya danna maus ta gefen dama, wani jeri ya sauko, ya zaɓi na ƙarshe. A ciki akwai shafin da ya ce na tsaro ne, inda aka rubuta wa ke da ikon yin me. Sunana yana nan, da alama ɗaya tak a gabansa, ta karantawa. Ya shiga can ciki, wurin da aka rubuta mai fayil. Sunansa ne. Ya zaɓi nawa a madadinsa, ya sa alama a wani ɗan gurbi da ya ce shi zai sa duk abin da ke cikin foldar ya bi. Sannan ya dawo baya ya cike mini sauran alamomin, na gyarawa, na sharewa, duka. Ya ɗauke hannunsa daga maus.

"Danna."

"Kai ka danna mana."

"Kayanka ne. Danna."

Na danna. Sunayen fayiloli suka yi ta gudu a allo na ɗan lokaci, suka tsaya. Shi ke nan. Abin da ya hana ni sukuni fiye da shekara, bai kai a tafasa ruwan shayi ba.

Bai tsaya nan ba. Ya shiga wani wuri ya mayar da ƙofata babba irin tasa, ya ce dole in sa mata mabuɗi. Ya turo mini kibod. Na ce ya taya ni zaɓa.

"A'a. Kar ka faɗa mini. Kar ka faɗa wa kowa."

Ya tashi ya je ya tsaya yana fuskantar bango kamar wanda aka yi wa horo a makaranta. Na zauna ina neman haruffa da yatsa ɗaya. Na daɗe. Bai juyo ba sai da na ce na gama.

Madam ta kawo shinkafa da miyar kifi. Muna ci ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka san da farko kwastomominka suna kirana. Kowane mako, biyu, uku. In ce musu Dilimi, ku tambayi mai ɗaure fuska. In na ajiye waya in ce wa Madam, Malam yana aiki. Sai kawai kira ya tsaya. Wata ɗaya, wata biyu, wata bakwai. Na ce mata, ko dai ya rufe shago, ko ya mutu ba wanda ya faɗa mini."

Na ce yankewa nake yi da almakashi.

Ya ajiye cokali ya dube ni. "Kowane hoto?"

"Kowanne."

"Kai, Malam. Taurin kanka ya fi na jaki. Da kuɗin kati ɗaya ka kira ni."

Na ce na sani. Na ɗan jima ina juya shinkafa. Sannan na ce, "Oga, maganar da na faɗa ranar rabo."

"Wace magana?"

"Ka sani."

"Na sani." Ya nuna kwalayen da haɓa. "Kafin Kirsimeti za mu tafi gida. Gida, wai. Sau biyar na taɓa zuwa, duk jana'iza. In na yi yarenmu a can dariya suke, ɗan Hausa suke ce mini. Can ma baƙo za su kira ni. Ka riga su ne kawai."

"Ban faɗa da zuciya ɗaya ba."

"Ci abinci, yana hucewa."

Iyakar abin da aka ce ke nan a kan maganar. Ban san ko yafiya ce ba. Na ci abincin.

Da muka gama na ce tunda ga ta a kunne, ya gyara mini layukan uku, hannunsa ya fi nawa sauri, kuma ba zai yi kuskuren harafi ba. Ya girgiza kai.

"Na ba ka gida, na ba ka mabuɗi. Amma sunana ba zan goge shi da hannuna ba. Ka je ka goge. Kuma ka cire lambar, layin ma zan bar shi in na tafi, can ba ya kamawa."

Ya yage gefen wani kwali ya zana mini matakan, akwati-akwati da kibiya, don ko da wata folda ta sake yi mini gardama. Ya taya ni naɗe bargon, ya ɗaure igiyar da irin ƙullin da yake wa labule. Ya raka ni har titi, ya tare ɗan acaɓan da ya sani, ya ce masa ya kai ni har inda zai iya kaiwa. Na hau. Ya ce in gaida Dilimi. Na ce Allah ya kiyaye hanya in sun tashi. Ban sake ganinsa ba.

Washegari na buɗe shago da wuri, kafin mai facin taya ya zo. Na jona kwamfutar, na buga mabuɗina, ta buɗe. Na bi zuwa ɗan fayil ɗin. Na goge layin farko na rubuta sunana. Na goge na biyu na rubuta Dilimi, kusa da mai gyaran rediyo. Layi na uku na ɗan tsaya a kansa, sannan na goge shi daga ƙarshe zuwa farko, lamba ɗaya bayan ɗaya, na sa tawa. Na ce ta ajiye. Babu akwatin da ya fito.

Sai in gwada in gani kafin in kai wa shugaban makaranta, ga shi Lahadi ce, babu kwastoma ko ɗaya a layin. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta, na saita ta ta ƙirga goma da kanta, na zagaya na zauna a kujerar kwastoma. Ta haska. Na buga hoton, na sa shi a firem, ya cika daidai. Na rufe shagon na nufi makarantar da shi a hammata.